Inda Bututun Ruwa Ya Tsaya

A gefen Kano unguwa ba ta zuwa gaba ɗaya, kayanta ɗaya bayan ɗaya suke isowa. Bana gona ce, an girbe gero an bar kara a tsaye. Baɗi magada sun sayar, dillali ya zo da igiya da turaku, an yanka ta fuloti-fuloti. Kafin ka ankara ga tulin yashi, ga bulo, ga ɗaki biyu da katanga ko filasta babu. Hanya ƙafa ce take fitar da ita, babur ya faɗaɗa, tifa ta daddaɓe. Wuta ma ba ta cika jan rai ba: magidanta sun yi karo-karo sun sayi falwaya da waya, an jawo daga unguwar baya. Masallaci ya tashi, mai shayi ya kafa tebur, wata baiwar Allah ta buɗe islamiyya a zaure. Har a kai ga raɗa wa layuka suna, ruwan famfo bai iso ba, kuma ba wanda zai iya gaya maka ranar zuwansa.

Alhali shi aka fara nema tun ba a aza tubali ba. Ba a buga bulo sai da ruwa, ba a kwaɓa siminti sai da shi, bulon da bai sha ruwa ba kuwa maginin kirki ba ya yarda ya yi aiki da shi. Shi ya sa a fulotin da ba a fara komai ba za ka tarar da ɗan kwarmin siminti inda tanka take juyewa, ko bakin rijiya an rufe da tsohon kwano an danne da dutse. Mai gida bai tare ba, amma ya riga ya fara biyan kuɗin ruwa. Haka yawancin Ɗorayi da Ja'en da Sheka da Bachirawa da Rimin Kebe suka faro, haka kuma na bayansu suke farowa yanzu.

Idan an tare, sai magana ta koma hannun mai ruwa. Kurarsa ta ƙarfe ce mai taya biyu, tana ɗaukar jarka goma sha biyu, wata har sha huɗu. Jarkokin akasari rawaya ne, tsofaffin na man girki, kowace tana cin lita 25. Ruwa kaɗai kilo 300 ke nan, ban da nauyin ƙarfen. A kan kwalta turawa yake yi. Da ya shiga rairayi sai ya juya ya riƙa ja, jijiyoyin wuya sun miƙe, silifas yana nutsewa. Rabin jarkokin marfinsu ya ɓata, an toshe bakin da leda an ɗaure da roba, ruwa yana tsiyaya yana zana masa layi a baya. Da yawa daga masu wannan sana'a 'yan ci-rani ne, daga ƙauyuka ko daga Nijar, kuma mutum ba ya daɗewa a cikinta bayansa bai gaya masa ba.

Yaro ya leƙo daga soro: "Mai ruwa, wai in ji Umma a kawo huɗu."

"Ka ce mata ta yi haƙuri sai na dawo, wannan na gidan Alhaji ne."

Ba wulaƙanci ba ne. Gidan Alhaji kura guda yake ɗauka kullum, kuɗi a hannu, kuma yana kusa da burtsatse. Gidan su yaron yana can ƙarshen layi, bayan kwazazzabo. Jarkar da za ta kai can ta fi tsada, ta kuma fi jinkiri. A wannan ciniki wanda ya fi nisa shi ya fi biya, kuma galibi shi ne wanda ya tafi nesa ɗin don aljihunsa bai kai na kusa ba.

Lissafin ba wuya. Mu ƙaddara jarka naira 100 ce. Gida mai mutum goma, in kowa zai sami lita 20 kacal, wadda ita ce mafi ƙarancin abin da masana lafiya suke cewa a samu, jarka 8 ke nan a rana, naira 24,000 a wata. Wannan ban da ranar wanki, ban da suna, ban da maijego. Shi ya sa a irin waɗannan gidaje ruwa kashi-kashi ne. Na sha daban, a randa ko a leda. Na girki daban. Na wanki shi ne na rijiya mai ɗan gishiri-gishiri, wanda sabulu ba ya kumfa da shi sosai. Ruwan da aka ɗauraye kaya da shi ba a zubarwa, a wanke tsakar gida, abin da ya rage a kai banɗaki. Matan nan sun san darajar kowane moɗa fiye da duk wanda ya taɓa rubuta takarda a kan tattalin ruwa, kuma su ne ba a tambaya.

Ruwan da ke cikin jarkar daga burtsatse ya fito. Mai hali ya haƙa, ya zura sumo, ya ɗora tanki a bisa ƙarfe, ya jera famfuna a jikin katanga. Wani sadaka yake yi, Allah ya saka masa, wani kuma sayarwa. Sai dai ƙasar Kano ba ta da yalwar ruwan ƙasa irin na wasu wurare. Yawancin garin a kan dutse yake zaune, ruwan yana maƙale ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa. Don haka za ka ga an haƙa nan an samu, an matsa taku hamsin an haƙa an tashi a tutar babu. Kuma tsaga ɗaya ce gidaje da yawa suke zuƙa. Wanda ya zo daga baya ya fi zurfafawa, rijiyar guga ta maƙwabcinsa ta ƙafe, ba tare da ɗayansu ya yi niyyar cutar wani ba. Cikin bazara, watan Maris da Afrilu, sumo kan yi ta kuka yana jan iska. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma, duk ranar da ba wuta, kuɗin janareta a kan jarka yake sauka.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ruwan birnin kansa daga bayan gari yake zuwa. Matatar Challawa tana Panshekara, an kammala ta ne a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da kuɗin baitulmalin En'e, aka ƙara mata wasu sassa daga baya. Ta Tamburawa tana kan hanyar Zariya, a ƙasar Dawakin Kudu. Ta Watari tana wajen Bagwai. Ruwan da ke ciyar da na farko biyun kuwa daga nesa ake sako shi, daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, da ta Challawa da ke Ƙaraye, wadda aka gama a 1992. Manyan bututu sukan taso daga can su ratsa gonaki da ƙauyuka da sababbin unguwanni, su nufi tankunan cikin gari irin na Goron Dutse. Mutum zai iya gina gida bututun yana wucewa ƙarƙashin titin da yake tsallakawa kullum, amma shi da kura yake sha.

Mai sauraro zai ce to me ya rage, a huda a ba su mana. Da abin haka yake da sauƙi da an huta. Sabuwar matatar Tamburawa, wadda aka gina zamanin Malam Ibrahim Shekarau, an tsara ta ne ta ba da lita miliyan 150 a rana, jarka miliyan 6 ke nan. In aka ba kowa lita 50, za ta ishi mutum miliyan 3, da sharaɗin tana aiki dare da rana, wuta ba ta ɗaukewa, ba digo ɗaya da ke zuba a hanya. Ƙidayar 2006 ta sami kusan mutum miliyan 2.8 a ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye. Duk wanda ya ga yadda gini ya ci gonaki daga wancan lokaci zuwa yau ya san an bar wannan adadi a baya da nisa. Wutar ma tana ɗaukewa, injina suna tsufa, tsofaffin bututu suna yoyo.

In kana son ganin abin da wannan yake haifarwa, je unguwar da bututu ya taɓa kaiwa ka dubi ƙofar gida da kyau. Ga famfon farko nan a tsaye, tsayin ƙugu, ya yi tsatsa, kansa ma an cire. Kusa da shi akwai rami, zurfin gwiwa ko fiye, an yanke bututun a can ƙasa an sa masa toshiya. Ruwan ya rasa ƙarfin hawowa, sai mutane suka sauka suka same shi. Cikin dare, in gari ya yi tsit masu jan ruwa sun ragu, sai ka ji an ƙwanƙwasa: an kawo ruwa. Yarinya ta shiga ramin da kwano tana tara tana miƙowa, ana juyewa a bokiti har asuba. Mai ɗan hali ya haɗa injin zuƙa kai tsaye a jikin bututun, ya cika tankinsa, na bayansa su tashi ba ko ɗigo. Sannan dubi cikin lambatu. Siraran bututan roba ne jere, biyar, goma, kowane gida da nasa, suna kwance cikin baƙin ruwa, an ɗaure inda suka fashe da robar taya. Muddin akwai ruwa a ciki, waje yake fesowa. Da zarar an ɗauke, bututun ya koma yana zuƙar abin da ke kewaye da shi. Ruwan farko da zai zo gobe da wannan zai taho. Daga nan taifot take samun ƙofa, da amai da gudawa in damina ta sauka.

Ke nan ƙara tsawon bututu kawai raba ƙishirwa ne. Kowace unguwa da aka jona, ƙarfin ruwa a ta bayanta yake raguwa. Kai ruwa bayan gari yana nufin ƙarin ruwa daga matata, da wutar da ba ta yankewa, da babban bututu mai faɗin da ya dace, da tanki a kan tudu kusa da mutanen, da injin da zai ƙara tura shi. Aiki ne na kuɗi masu nauyi, kuma yawancinsa a binne yake, ba ya ɗaukar hoto kamar gadar sama.

Duk da haka ina ganin wajibi ne, kuma hujjojin da ake kawowa don a bar shi ba su gamsar da ni ba.

Ta farko ita ce ta iyaka. Ruwan birni yana hannun hukumar ruwa ta jiha, na karkara kuma akwai hukumar RUWASA da ƙananan hukumomi. Amma gini ya tsallake Kumbotso da Ungogo, ya shiga ƙasar Dawakin Kudu da Gezawa da Dawakin Tofa. A takarda wurin ƙauye ne, abin da ya dace da shi tuƙa-tuƙa ce, wadda aka ƙera don 'yan ɗaruruwan mutane. A ido kuwa gari ne, dubban gidaje kafaɗa da kafaɗa, mazaunansu da safe kasuwar Kwari suke nufa, da Sabon Gari, da Sharaɗa, can suke biyan haraji. Layin jarkoki a bakin tuƙa-tuƙa ɗaya tun kafin kiran assalatu shi ne sakamakon wannan saɓani.

Ta biyu ita ce ta takarda. Ana cewa waɗannan awon igiya ne, ba shatar hukumar tsara birni ta KNUPDA ba, sun yi gini ba izini, in aka kai musu ruwa an ba wasu ƙwarin gwiwa. Amma wa ya tafi awon igiya don sha'awa? Malamin firamare ne, da direba, da ɗan tebur, da ɗan fansho da ya karɓi giratuti ya ce bari ya fita daga haya. Filin gwamnati kaɗan ne, mai tsada ne, samunsa sai da sani. Tsari kuwa Kano ta taɓa yin sa: shirin da ake kira na Trevallion ya zana yadda birnin zai faɗaɗa daga 1963 zuwa 1983. Mutane suka ci gaba da haihuwa da zuwa, shata ba ta bi sawunsu ba. Ba daidai ba ne a ɗora laifin wannan a kan yarinyar da take makara makaranta saboda layin ruwa. Batun cewa ba za su iya biya ba kuma, lissafin jarka ya riga ya amsa shi.

Sai dai akwai inda awon igiya yake da laifi na gaske, kuma nan ne abin ya fi ba ni takaici, don gyaransa ba ya cin ko kwabo. Bututu hanya yake bi. Yana son layi miƙaƙƙe, mai faɗin da za a haƙa rami a gefe mutane su ci gaba da wucewa, a dawo a tone in ya fashe. Dillali kuwa kowace ƙafa da ya bar wa hanya, a ganinsa kuɗi ne ya zubar. Sai ya matse, ya fitar da ƙarin fuloti ɗaya. Wanda ya saya shi ma ya ci taku biyu da dakali, na gaba ya fito da sokawe waje, wani ya toshe lungun gaba ɗaya da shago. Shekara goma sai ka sami unguwar da ko makara sai an karkata ta. Ranar da kuɗin ruwa suka samu, injiniya zai zo ya duba ya ce sai an yi rusau, sai an biya diyya, kuɗin diyyar su fi na bututun, a naɗe takarda a tafi wata unguwa. Tun ran gini ran zane. Kuma akwai wanda yake wurin ran ginin: cinikin irin waɗannan filaye da wuya ya kammala ba da sa hannun mai unguwa ko dagaci ba. Da zai ce ba zai sa hannu ba sai an bar hanya ɗaya da mota biyu za su gifta juna, da fuloti ɗaya a wuri mafi tudu don tanki, da ya yi wa jikokin unguwar aikin da gwamna ma ba zai iya yi musu daga baya ba. Na san dagaci ba ya rasa matsi, daga magada da dillalai har da na sama da shi. To a ba shi doka da zai jingina da ita.

Akwai kuma rabin zancen da ba a son yi a zaure. Ruwan da ya shiga gida sai ya fita. Kano ba ta da babban bututun ƙazanta da ya haɗe gari, kowane gida da shaddarsa ko sokawensa. Masana sukan ce a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Fuloti hamsin-da-hamsin kuwa ƙafa ake nufi, wato kimanin mita 15 kowane gefe, ko daga kusurwa zuwa kusurwa ka auna bai kai mita 22 ba. In ka nisanta rijiyarka da shaddarka iyakar iyawarka, ka kai ta jikin katanga, a bayan katangar nan shaddar maƙwabci ce. Ba wanda ya yi ganganci, filin ne bai isa ba. Idan ramin ya cika, motar zuƙa ba ta iya shiga lungu, sai a nemo masu yasa da hannu su yi cikin dare. Ruwan wanka da na wanke-wanke kuwa rariya ce take fitar da shi ya kwanta a tsakiyar layi. A cikin gari Jakara ce take kwashe irin wannan, ta haɗu da Getsi, su gangara madatsar Wasai a Minjibir, masu lambu suna ban ruwa da shi a hanya. Sabuwar unguwa ko Jakarar ba ta da ita. Kawo mata famfo ba tare da magudana ba zai ninka abin da ke kwance a layin.

A Najeriya Abuja ce ta yi fice da bututun ƙazanta na gari, wanda yake kaiwa matatar Wupa, shi ma bai game garuruwan da ke kewaye da ita ba, inda yawancin ma'aikatanta suke kwana. Don haka ban ga amfanin a yi wa mutanen bayan Kano alkawarin irinsa gobe ba. Abin da ya fi kama da halinmu shi ne na Orangi, wata ƙatuwar unguwar marasa takarda a Karachi ta Pakistan. Daga 1980, ƙarƙashin jagorancin Akhtar Hameed Khan, mutanen kowane layi suka riƙa haɗa kuɗi suna binne ƙaramin bututun layinsu da hannunsu, masana suna auna musu gangara, babban bututun da zai karɓa kuma ya zama nauyin hukuma. Mu da muka saba karo-karon taransifoma da aikin gayyar yashe lambatu, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sharaɗinsa dai ruwa, don bututun ƙazanta da ba ruwan kora toshewa yake yi.

Ta ɓangaren ruwan sha kuma, Wagadugu ta gwada abin da ya kamata a je a gani. Hukumar ruwan Burkina Faso, ONEA, ta daina jiran sai an shata unguwannin bayan gari. Takan kai ruwa bakin unguwa ta sa mita, ta damƙa wa ƙananan 'yan kasuwa, su shimfiɗa bututu mai lanƙwasuwa da zai iya bin lungu, su jona gidaje da famfunan haya, su sayar a farashin da aka ƙayyade. Ba a rushe gidan kowa ba, ba a kuma tambayi kowa takardar fili ba.

In aka yi irin wannan a nan, tambayar da za ta biyo baya ita ce makomar 'yan ga-ruwa, kuma bai kamata a share ta ba. Shekara da shekaru su ne suka riƙe unguwannin da bututu bai kai ba, da ƙarfin ƙirjinsu. Famfon haya yana buƙatar mai tsaro, mita tana buƙatar mai karantawa, gidajen da ke can ƙurya za su ci gaba da neman mai kai musu. Ban da haka, suna riƙe da sanin da ba ya cikin fayil ɗin kowane ofis. Sun san gidan da yake shan jarka huɗu da wanda yake shan ashirin, da wanda yake biya kullum da wanda sai ƙarshen wata, da burtsatsen da yake ƙafewa tun Fabrairu, da lungun da ruwa yake yankewa da damina. Injiniyan da aka ba aikin zana inda bututu zai bi a Rimin Kebe ko bayan Mariri, kafin ya buɗe kwamfuta ya je inda suke jera kurarsu da la'asar, ya nemi shugabansu, ya zauna da takarda da biro ya bi layukan da su ɗaya bayan ɗaya.